Yadda Burauza Ta Saba Miƙa Sauti da Bidiyo ga Manhajar Kunnawa

A farkon zamanin yanar gizo, aikin burauza bai wuce ɗauko rubutu da nuna shi ba. Sauti da bidiyo ba huruminta ba ne. Idan mutum ya latsa mahaɗin da ke kaiwa ga waƙa ko guntun fim, burauza takan sauke fayil ɗin, ta ajiye shi a ma'ajiyar wucin gadi, sannan ta kira wata manhaja daban ta damƙa mata shi. A yau duk mai son buɗe bidiyon intanet a VLC ko mpv sai ya sha ɗawainiyar saiti, har ana ɗaukar abin a matsayin dabarar ƙwararru, alhali kuwa shi ne tsarin asali. Kallo a cikin shafi daga baya ya zo, kuma sai da aka shafe shekara 10 da 'yan kai kafin ya rinjayi na farkon.

Tushen tsarin yana cikin wasiƙar imel. Har zuwa farkon shekarun 1990, imel rubutu zalla yake ɗauka. A watan Yuni na 1992 Nathaniel Borenstein na cibiyar bincike ta Bellcore, tare da Ned Freed, suka fitar da ƙa'idar da aka sani da MIME, a takarda mai lamba RFC 1341. Ƙa'idar ta tanadi cewa duk kayan da aka liƙa wa wasiƙa su zo da lakabi mai kashi biyu da ke faɗin ko mene ne su: image/gif ga hoto, audio/basic ga sauti, video/mpeg ga bidiyo. Manhajar karanta wasiƙa ba sai ta iya buɗe komai ba. Abin da ake nema daga gare ta shi ne ta karanta lakabin, ta duba wani ɗan jadawali, ta ga wace manhaja aka ɗora wa nauyin irin waɗannan kaya. Borenstein ne ya tsara jadawalin ma, wani fayil na rubutu mai suna mailcap, wanda kowane layinsa ke ɗauke da lakabi a hagu da umarnin da za a zartar a dama. Mai kwamfuta yana iya buɗe shi ya sauya layi da hannunsa, kuma wannan ne ya sa zaɓi ya zauna a hannun mai kallo tun daga tashin farko.

Yanar gizo ta ari wannan tsari kusan ɗungurungum. Sabar, wato kwamfutar da ke ajiye da shafi, takan aiko da lakabin MIME a saman kowace amsa, burauza kuma ta yanke shawara da shi. Mosaic, wadda Marc Andreessen da Eric Bina suka rubuta a cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois a 1993, ta yi suna ne saboda tana nuna hoto a tsakiyar rubutu, amma a sauran fannoni ta dogara kacokan ga manhajoji mataimaka. A kwamfutocin Unix, xv ke buɗe manyan hotuna, ghostview ke buɗe takardun PostScript, mpeg_play ta Jami'ar Berkeley kuma ke kunna bidiyo. Masu Macintosh suna da Sparkle. Matsayin burauza a lokacin ya yi kama da na ɗan kamasho a tasha: ba shi da mota ko ɗaya, amma ya san layin da kowane fasinja zai bi. Netscape Navigator da ta fito a ƙarshen 1994 ta gaji tsarin, ta kuma buɗe masa shafi na musamman a cikin saitinta, inda mutum ke ganin jerin lakabai da manhajar da ke gaban kowanne.

Tsarin yana da rauni guda babba. Abin da burauza ke miƙawa fayil ne da ya gama sauka, ba adireshinsa ba, don haka dole a jira har ƙwayar ƙarshe ta iso. Modem ɗin gida na lokacin yana jan bit 14,400 a daƙiƙa, daga baya 28,800. A kan na farkon, megabait ɗaya yakan ci kusan minti 10, sautin minti ɗaya mai ingancin faifan CD kuwa ya kai megabait 10. Ke nan sauraron minti ɗaya na iya jawo jiran sa'a ɗaya da rabi. Shirin da ake watsawa kai tsaye ma ba ya cikin lissafi, tunda ba shi da ƙarshen da za a jira.

Kamfanin Progressive Networks na birnin Seattle, wanda Rob Glaser ya kafa a 1994 bayan ya bar Microsoft, shi ya warware wannan ƙulli. A watan Afrilu na 1995 ya fitar da RealAudio, wanda ke matse murya har ta ratsa modem na 14,400, ko da yake ingancinta bai fi na wayar tarho ba. Matse sautin rabin aikin ne kawai. Ragowar rabin shi ne yadda za a sa burauza ta saki ragama ba tare da ta tsaya sauke komai ba, kuma dabarar da aka yi amfani da ita mai sauƙi ce ƙwarai. Mahaɗin da ke kan shafi ba ya kaiwa ga sautin kansa. Yana kaiwa ne ga wani ƙanƙanin fayil na rubutu mai ƙarewa da .ram, wanda sau da yawa layi ɗaya tak ne a cikinsa: adireshin sabar sauti, mai farawa da pnm://. Burauza takan sauke wannan layi cikin ƙiftawar ido, ta ga lakabinsa audio/x-pn-realaudio, ta miƙa shi ga manhajar RealAudio kamar yadda ta saba miƙa kowane fayil. Manhajar ta karanta adireshin, ta ƙulla hulɗa da sabar da kanta, ta tara sautin 'yan daƙiƙu a matsayin guzuri, sannan ta fara kunnawa yayin da saura ke ci gaba da kwararowa.

Ba a sauya ko layi ɗaya a cikin burauza ba, kuma a nan ne gwanintar take. A ranar 5 ga Satumba, 1995, aka watsa sharhin wasan besbal tsakanin Seattle Mariners da New York Yankees kai tsaye ta wannan hanya. A 1997 kamfanin ya ƙara bidiyo, ya kuma sauya suna zuwa RealNetworks. Ƙa'idar sadarwarsa ta kansa ta ba da wuri ga RTSP, wadda aka rubuta da haɗin gwiwar Netscape da Jami'ar Columbia, aka kuma fitar da ita a Afrilun 1998 a takarda mai lamba RFC 2326. RTSP ba ta ɗaukar sautin da kanta. Aikinta isar da umarni ne, kunna, dakata, koma minti kaza, yayin da kayan ke tafiya ta wata hanya daban.

Ban da bin lakabi, akwai hanya ta biyu ta miƙawa, wadda ke duba kan adireshi. Tun farko an tsara cewa kalmar da ke gaban ɗigo biyu a adireshi ita ke nuna wanda zai karɓe shi: http na burauza ne, mailto na manhajar wasiƙa, telnet na wata manhajar daban. Da rtsp da mms suka zo, sai suka shiga wannan layi. A Windows manhaja takan yi wa kanta rajista a kundin saiti na tsarin, a Macintosh ta bayyana kanta a takardar bayananta, a Linux kuma daga baya aka daidaita kan xdg-open da fayilolin .desktop. Bambancin hanyoyin biyu yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. A hanyar lakabi sai burauza ta tambayi sabar kafin ta san abin yi, kuma idan mai kula da sabar ya manta bai saka lakabin daidai ba, mai latsa .ram sai ya ga layin rubutu a allo maimakon ya ji murya. A hanyar kan adireshi burauza ba ta taɓa sabar sam. Adireshin kawai take turawa.

Ɗan fayil mai nuni ya zama ruwan dare. Winamp, wadda Justin Frankel na Nullsoft ya fitar a 1997 don kunna MP3, ta yaɗa jerin waƙoƙi na .m3u da .pls. A ƙarshen 1998 kamfanin ya fitar da SHOUTcast, wanda ya ba duk mai kwamfuta da layin intanet damar buɗe gidan rediyonsa, Icecast mai buɗaɗɗen tushe kuma ya biyo baya a 1999, shekarar da AOL ta sayi Nullsoft. Mai sauraro yakan latsa fayil ɗin .pls, Winamp ta buɗe, tasha ta kama, ya rufe burauza ya ci gaba da aikinsa. Sabar SHOUTcast ma takan duba sunan mai tambaya: idan ta ga burauza ce sai ta ba ta shafin bayani, idan manhajar kunnawa ce sai ta sakar mata sauti. Microsoft ya zo da nasa, fayil ɗin .asx da adireshin mms://, Apple kuma ya ƙara wa QuickTime ikon kwararo a sigarta ta 4 a 1999.

Daga nan rigima ta ɓarke a kan jadawalin nan na lakabai. Tunda duk manhajar da ke riƙe da lakabi ita ce za ta buɗe idan an latsa, kowane kamfani ya ga cewa kasuwarsa tana cikin wannan ɗan layi. RealPlayer da Windows Media Player da QuickTime da Winamp kowacce takan ƙwace lakaban 'yar'uwarta lokacin da ake girka ta, wasu ma sukan bar wani ɗan shiri yana gadi a bayan fage don ya maido da su idan an sauya. Mai kwamfuta yakan wayi gari ya tarar waƙoƙinsa na buɗewa a manhajar da bai zaɓa ba. RealPlayer musamman ta ɓata sunanta da yawan tallace-tallace da saƙonnin da ba a nema ba. Wannan hali ya yi wa tsarin miƙawa illa fiye da duk wata gazawa ta fasaha, domin ya sa jama'a sun fara ganin manhajar waje a matsayin fitina.

Rigimar ta kai gaban hukumomi. Microsoft yana haɗa Windows Media Player cikin kowane Windows, abin da abokan hamayyarsa suka ce ya toshe musu ƙofa. A watan Maris na 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar kamfanin Yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya fitar da Windows marar wannan manhaja, wanda ya fito da sunan Windows XP N, bai kuma samu masaya na a zo a gani ba. RealNetworks ya shigar da ƙarar kansa a Disambar 2003, aka sasanta a Oktobar 2005 a kan dala miliyan 761. Kafin hukuncin ya yi wani tasiri, kasuwar ta riga ta koma wani wuri.

A tsawon waɗannan shekaru manyan gidajen rediyo na duniya, irin su BBC da Muryar Amurka, sun riƙa ɗora shirye-shiryensu a tsarin Real da na Windows Media, har da na sassan harsunan waje. Ga Bahaushen da ke karatu ko ci-rani a ƙasar da gajeren zango ba ya kamawa sosai, wannan ɗan fayil mai layi ɗaya shi ne hanyar jin labarun gida. A shagunan intanet na gida kuwa abin yakan gamu da cikas, domin waɗannan ƙa'idoji suna bi ta ƙofofi na musamman, 554 ga RTSP, 1755 ga mms, kuma masu kula da layi sukan toshe su don kada mutum ɗaya ya shanye layin kowa. Matsalar toshe ƙofa tana cikin abubuwan da daga baya suka tura kowa komawa http, wadda ba mai iya toshe ta ba tare da ya rufe yanar gizon gaba ɗaya ba.

Yunƙurin jawo bidiyo cikin shafi ya faro ne da wuri. Netscape Navigator 2.0, wadda ta fito a 1996, ta kawo tsarin filogin da aka sani da NPAPI: manhajar waje ce dai, amma an ba ta wani fili a cikin shafin ta yi aikinta a ciki. Microsoft ya mayar da martani da ActiveX a Internet Explorer 3 a wannan shekarar. Masu shafuka sun fi son haka, saboda mai kallo ba ya barin shafin, talla tana gefensa, sunan kamfani yana samansa. Sai dai mai shafi ba ya da tabbacin wace filogin baƙonsa ke da ita, shi ya sa shafukan lokacin sukan jera maɓallai uku ko huɗu, Real ko Windows Media ko QuickTime, layi mai sauri ko marar sauri. Masu amfani da Linux su suka fi shan wuya, tunda galibin filogin ɗin ba a yi musu su ba. Daga cikinsu ne aka samu mplayerplug-in da mozplugger, sannan bayan fitowar Firefox 1.0 a Nuwambar 2004 aka samu ƙari, wato ɗan shirin da ake liƙa wa burauza, irin MediaPlayerConnectivity, wanda ke gano bidiyon da aka dasa a shafi, ya maye gurbinsa da maɓalli, latsa shi kuma ya tura adireshin ga manhajar da mutum ya zaɓa.

Flash ne ya kawo ƙarshen jeren maɓallan. Manhaja ce ta zane mai motsi da Macromedia ya saya a 1996, kuma ta riga ta shiga kusan kowace kwamfuta kafin a ƙara mata ikon kunna bidiyo a sigarta ta 6 a 2002. YouTube, da aka kafa a Fabrairun 2005, a kanta ya ginu: a latsa, a kalla, babu tambaya, babu taga ta biyu. Sauƙin ya wuce a yi musu a kai, kuma jama'a sun karɓe shi hannu bibbiyu. Abin da aka rasa a cinikin shi ne adireshin. A da yana fili a cikin .ram ko .pls, kowa na iya kwafe shi ya kai inda ya so. Daga nan ya shige cikin shirin Flash da mai shafi ya rubuta, kuma mai shafi ne ke yanke yadda maɓallai za su kasance, ko za a iya tsallake talla, ko za a iya ajiyewa.

A wayoyin hannu tsohon tsarin ya ƙara yin shekaru. Wayoyin Nokia masu Symbian suna zuwa da RealPlayer a cikinsu, shafin YouTube na waya da aka buɗe a 2007 kuma yana ba da bidiyon 3GP ta adireshin rtsp. Opera Mini, wadda ta yi farin jini a Najeriya saboda tana rage cin data, tana matse shafuka ne a sabar kamfanin kafin su iso waya, don haka ba ta kunna bidiyo da kanta. Miƙawa take ga manhajar wayar. Mutane da yawa a nan suka fara cin karo da abin: burauza na aiki lafiya, amma bidiyo ya ƙi buɗewa, saboda RealPlayer tana da nata saitin hanyar shiga intanet da sai an cike shi daban. Ita ma iPhone ta farko ba ta kunna bidiyo a cikin shafi. Takan ɗauke shi zuwa cikakken allo a manhajar tsarin, kuma sai a iOS 10 na 2016 aka sassauta wannan.

A gefe guda, manhajojin kunnawa masu buɗaɗɗen tushe suna ta girma. VLC ta faro ne a 1996 a matsayin aikin ɗaliban École Centrale ta birnin Paris, waɗanda ke son watsa bidiyo a layin makarantarsu, aka kuma sake ta ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL a ranar 1 ga Fabrairu, 2001. Tun asali don karɓar bidiyo ta layi aka gina ta, shi ya sa tana fahimtar http da rtsp da mms da sauransu ba tare da neman ƙari ba. MPlayer ta fito daga Hangari a 2000 a hannun Árpád Gereöffy, mpv kuma jikanyarta ce. Waɗannan ba su da tallar da za su tura, ba su da sabar da za su sayar, don haka ba su da dalilin ƙwace lakabin kowa.

Mataki na gaba shi ne burauza ta haɗiye manhajar kunnawa gaba ɗaya. Kamfanin Opera ya gabatar da shawarar alamar bidiyo a harshen HTML a 2007, Firefox 3.5 ta fara aiki da ita a 2009, wasiƙar da Steve Jobs na Apple ya fitar a Afrilun 2010 yana bayanin dalilin hana Flash shiga iPhone ta ƙara ingiza lamarin, YouTube kuma ya mayar da sabon tsarin na farko a Janairun 2015. Yadda ake isar da bidiyon ma ya sauya. A 2009 Apple ya fito da HLS, inda ake yanyanka bidiyo gutsattsari na 'yan daƙiƙu, a jera adiresoshinsu a fayil ɗin .m3u8, wanda jinin tsohon .m3u ne na zamanin Winamp. MPEG-DASH ya bi sahu a 2012, kuma a cikinsa sau da yawa sauti daban yake zuwa, hoto daban. Wani shiri na JavaScript a cikin shafin ne ke ɗauko gutsattsarin, ya duba ƙarfin layi, ya zaɓi ingancin da ya dace, ya ɗura wa burauza. Wanda ya kwafi adireshin irin wannan bidiyo yakan samu wani abu mai farawa da blob:, wanda ba shi da ma'ana a wajen wannan shafin. Adiresoshin gaskiya kuwa galibi suna ɗauke da sa hannu na wucin gadi da ke mutuwa bayan 'yan sa'o'i.

Saboda haka miƙawa ta zamani tana buƙatar ɗan tsakiya da zai karanta shafi ya tono adireshin. Ɗaya daga cikin mafi shahara shi ne youtube-dl, wanda Ricardo García ya fara a 2006, wanda kuma ya koyi karanta ɗaruruwan shafuka. Reshensa yt-dlp ne ya fi tashe a yanzu. mpv takan kira shi da kanta idan aka ba ta adireshin shafi. Ga shirye-shiryen kai tsaye irin na Twitch akwai Livestreamer, wanda Streamlink ya gaje shi a 2016, aikinsa shi ne tattaro gutsattsarin ya zuba su cikin VLC ko mpv. Dalilan masu yin haka sanannu ne: tsohuwar kwamfutar da burauza ke sarƙe ta tana iya kunna bidiyon lafiya a manhaja mai sauƙi, batir yana daɗewa, ana iya ɗauko sauti kaɗai don tsimin data, ana iya daidaita rubutun fassara da saurin magana yadda ake so, makaho kuma yana samun maɓallan da ya sani maimakon waɗanda kowane shafi ke ƙirƙiro wa kansa. Gaskiya ne kuma cewa hanyar tana tsallake talla, wadda da ita masu shirya bidiyo da yawa ke ci, kuma wannan ƙorafi ne da ba za a raina ba.

Su kuwa burauzoji sun ci gaba da ƙuntata ƙofar fita, kuma dalilinsu na tsaro mai ƙarfi ne. Adireshin da shafi ya tura wa manhajar waje umarni ne daga baƙo. A 2007 an gano jerin kurakurai da ke ba shafi damar cusa umarnin ɓarna ta irin wannan miƙawa, ciki har da wani a yadda QuickTime ke karanta adireshin rtsp. Filogin ma sun zama babbar hanyar kutse. Chrome ya cire NPAPI a Satumbar 2015, Firefox 52 ta bi a Maris na 2017 in ban da Flash, shi kuma Flash aka rufe babinsa a ranar 31 ga Disamba, 2020. Daga Firefox 57 ta Nuwambar 2017 ƙari ba ya iya tayar da manhaja kai tsaye. Sai an girka wani ɗan shiri daban a kwamfutar, wanda ƙarin zai aika wa saƙo shi kuma ya kira manhajar kunnawa. Ɗaya hanyar ita ce manhaja ta yi rajistar kan adireshi nata, kamar yadda IINA ta yi a Mac da PotPlayer a Windows, burauza kuma ta nemi izini kafin ta tura. Tambayar izinin tana da amfani: a 2019 an gano cewa Zoom ya dasa ɓoyayyiyar sabar a kwamfutocin Mac don ya kauce mata, har Apple ya tura gyaran da ya cire ta.

Doka ma ta shigo. A ranar 23 ga Oktoba, 2020, shafin ajiye manhajoji na GitHub ya cire youtube-dl bayan ƙorafin ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, wadda ta ce manhajar tana karya katangar kariya. Ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF ta rubuta martani cewa manhajar ba ta yin abin da burauza ba ta yi, aka maido da ita a ranar 16 ga Nuwamba, GitHub kuma ya ware dala miliyan 1 don kare masu rubuta manhaja daga irin wannan ƙorafi. Katanga ta haƙiƙa tana wani wuri. A Satumbar 2017 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da EME, tsarin da ke ba shafi damar aiko da bidiyo a kulle, mabuɗin kuma yana hannun wani rufaffen shiri, Widevine na Google, PlayReady na Microsoft ko FairPlay na Apple. EFF ta fice daga W3C a kan wannan. Fim ɗin Netflix ko makamancinsa ba ya buɗuwa a VLC ko da an samu adireshinsa, domin abin da zai iso a kulle yake.

Inda tsohon tsarin ya fi rayuwa a yau shi ne Android. Tun fitowarsa a 2008 an gina shi a kan cewa manhaja za ta iya shelanta abin da take son a yi, ta haɗa da lakabin MIME, tsarin kuma ya jero duk manhajojin da suka ce za su iya, ya tambayi mai waya ko sau ɗaya yake so ko kullum. Duk wanda ya taɓa zaɓa tsakanin MX Player da VLC ya yi amfani da jadawalin da ya samo asali daga mailcap. Chromecast na 2013 ya faɗaɗa dabarar zuwa wata na'ura: waya adireshi take tura wa talabijin, shi kuma ya ɗauko bidiyon da kansa. Gidajen rediyon intanet da yawa har yanzu suna ajiye mahaɗin .pls ko .m3u kusa da maɓallin saurare na shafinsu. RTSP kuma, wadda aka sabunta ta a Disambar 2016, ta samu mazauni a kyamarorin tsaro na shaguna da ofisoshi da gidaje. Manyan burauzoji ba sa kunna ta, don haka mai son ganin hoton kyamararsa ba ta manhajar kamfanin da ya ƙera ta ba yakan kwafi adireshin rtsp, tare da sunan shiga da kalmar sirri, ya liƙa shi a VLC.